Rasuwar Ɗan Tsakiya, Maɓallin Zafi da Sanyi na Motar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai jiƙe sharkaf da gumi, Autan gidan nan, a madadin kansa da mahaifiyarsa da duk wanda ya taɓa zama a kujerar baya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan Tsakiya, maɓallin murɗawa mai kula da zafi da sanyi a tsohuwar motar marigayi Baba. Ya cika da hantsi, a ƙofar gida, bayan doguwar jinya da gajeriyar tiyata. Likitan da ya yi tiyatar shi ne mai wannan sanarwa. Ba ya son tambaya a kan haka.

Ga wanda bai san mamacin ba: su uku ne a jere a gaban motar, ƙarƙashin rediyo. Na hagu shi ke da fanka. Na dama shi ke cewa iska ta bugi fuska ko ta bugi ƙafa. Na tsakiya kuwa shi ne alƙali. Ka murɗa shi hagu, wajen shuɗi, esi ya mantar da kai rana. Ka murɗa shi dama, wajen ja, hita ta tuna maka da ita. Baƙi ne, gajere, bai wuce marfin kwalba ba, da ɗan farin layi a goshi.

Marigayin bai taɓa neman mai ba. Bai taɓa neman ruwa ba. Taya ta sha yin faci a inda babu mai faci, batir ya sha yin yaji da sassafe, hon ya shaƙe har ya koma kukan tsohon zakara, amma ko sau ɗaya ba a taɓa tura motar nan saboda Ɗan Tsakiya ba. Ba shi da yawan magana. Duk abin da ya taɓa faɗa a rayuwarsa kalma ɗaya ce: ƙas. Kowane taki, ƙas ɗaya. Wanda ya san motar yana iya rufe ido, ya saurara, ya faɗi inda aka tsaya.

Babban aikinsa a duniya sulhu ne. Baba, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gumi, ko ana ruwan sama sai ka gan shi yana fifita da takardar asibiti. Mama kuwa sanyi ne abokin gabarta, gwiwoyinta sukan sanar da hadari tun kafin a ga gajimare. Don haka duk tafiya sai an yi shari'a.

"Maigida, ka mayar da mu firji," in ji Mama daga baya, tana jan mayafi.

"Ke kuma so kike mu isa a dafe," in ji Baba.

Sai babban yatsan Baba ya sauka a goshin marigayin. Ƙas, ƙas. Ya tsaya a tsakiya, ya ɗan karkata wajen shuɗi kaɗan, don direba ma yana da haƙƙi. Babu wanda ya gamsu. Babu kuma wanda ya sauka. A haka aka yi auren nan shekara da shekaru, har yatsan Baba ya cinye rabin farin layin.

Shi ne kuma abu na farko da aka taɓa bari Auta ya taɓa a motar. Yana ƙarami, ƙafarsa ba ta kai ƙasa daga kujera, Baba ya ce masa, "Sitiyari sai ka yi gemu. Wannan dai riƙe mana shi amana." Auta ya riƙe. Ya ɗauki abin da zafi fiye da yadda Baba ya nufa.

Da Baba ya rasu, makullin ya faɗo hannun Auta, domin shi ne ya gama sakandare yake zaune ba makaranta ba aiki, yana jiran abin da bai san sunansa ba. Shi ke kai Mama kasuwa, shi ke kai ta ganin likitan gwiwa. Ya matso da kujera gaba. Ya gyara madubi daidai idonsa. Amma duk inda ya je ya dawo, kafin ya kashe mota sai ya mayar da Ɗan Tsakiya inda Baba yake barinsa. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu ma don sanarwa ce.

A nan ne ya kamata a ambaci Yaya, babban wa, ma'aikacin ofis, mutumin da ke kallon motar kamar ramin da ake zuba albashinsa. Ba a musa masa ba, motar ta san hanyar gareji fiye da hanyar gida. Wata rana ya tara mutanen gida a falo, ya zauna a kujerar Baba, ya yi jawabi mai tsawo a kan kwanciyar hankali da motocin haya. Auta yana tsaye jikin ƙofa yana kallon silifas ɗinsa. Mama ce ta yanke hukunci.

"Na ji. Ranar da motar nan ta sake shiga gareji, ranar za a sayar da ita. Kafin nan kada wanda ya ƙara tayar mini da maganar."

Yaya ya yi murmushi, don ya san motar. Auta ya fita ya wanke ta, duk da ba ta yi datti ba.

Ba a jima ba ciwon ajali ya soma. Da fari ƙas ɗin ne ya yi laushi, kamar mai magana da mura. Daga baya marigayin ya fara tsallake taki. Ka nemi sanyi ya ba ka ɗumi-ɗumi, ka nemi ɗumi ya yi kamar bai ji ba. Wata safiya Auta ya murɗa, sai maɓallin ya yi ta juyawa a banza, yana wani siririn kuka, ƙiii, ƙiii, babu abin da yake kamawa a ciki. Auta ya san ma'anar wannan kuka. Ma'anarsa bakanike, ma'anar bakanike gareji, ma'anar gareji kuwa wani baƙo zai matsar da kujera ya cire ƙyallen Baba daga kan sitiyari.

Sai ya ɓoye jinyar. Ya sauke gilashinsa, wanda shi kaɗai ne mai sauka a motar tun zamanin Baba, ya dinga yabon iskar waje.

"Yau ba za a kunna mana komai ba ne, Auta?" in ji Mama.

"Iskar Allah ta fi lafiya, Mama."

"Yaushe ka zama likita?"

Tambayar nan ta ba Auta shawara.

An shirya tiyatar ranar da Yaya ya fita aiki, Mama kuma tana ɗaki tana shafa man zafi. Kayan aiki: sukudireba mai karyayyen baki, filaya ta aro, wuƙar kicin, fitilar wayar hannu, da bidiyon wani mutum mai fara'a yana gyara irin wannan matsala a motar da ba irin wannan ba. A bidiyon, mutumin ya sa yatsa biyu ya ja, murfin gaban mota ya fito kamar yana jira. A ƙofar gidan nan kuwa, Auta ya sa yatsa biyu, ya sa huɗu, ya sa wuƙa. Ɓas. Haƙorin roba ɗaya mai riƙe murfin ya karye ya faɗa can cikin duhu. Ɓas. Na biyu ya bi ɗan'uwansa. Mutumin bidiyon yana ta murmushi. Auta ya kifa wayar.

Da murfin ya fito, ya haska ciki. Ga ƙura, ga tsohon tikitin fakin, ga alewar da ta ɓata tun yana firamare. Ga kuma kebur ɗin da ke tashi daga bayan Ɗan Tsakiya ya shige ciki, inda yake buɗe ƙofar zafi ko ya rufe ta. A daidai mahaɗar kebur ɗin ne Auta ya ga abin da bai zo nema ba. An taɓa yin tiyata a nan. Wani ya ɗaure mahaɗar da ƙarfen hangar rataye kaya, ya naɗe da baƙin salatif, ya lanƙwashe bakin ƙarfen ciki don kada ya yanki hannun wanda zai zo daga baya. Mutum ɗaya Auta ya sani mai lanƙwasa bakin ƙarfe haka. Haka yake a hannun bokitin banɗaki. Haka yake a sakatar ƙofar baya.

Ya tuna ranar da Baba ya shigo gida da filasta a yatsa yana cewa bakanike ya gyara esi tsaf. Ashe bakaniken a ƙofar gida yake.

Auta ya zauna a kujerar direba, fitila a kunne, bai yi komai ba. An ɗan jima a haka. Sanarwar ba za ta tsawaita a nan ba.

Ɗaurin Baba yana nan daram. Ciwon ba a can yake ba. Wuyan maɓallin ne ya tsage, shi ya sa yake juyawa ba tare da ya juya sandar da ke cikinsa ba. Auta ya zare shi, ya ɗora a tafin hannu. Ba nauyi ko kaɗan. Don ya tabbatar sandar tana aiki, ya kunna mota, ya kai fanka ƙarshen ƙarfinta, ya kama sandar da filaya ya murɗa ta dama har ta tsaya. Zafi ya bugo masa fuska. Madalla, ciki lafiya lau. Ya kashe mota yana jin kansa kamar wanda ya fito daga jami'a.

Magani kuwa gam ne, irin mai kamawa nan take. A jikin kwalin an rubuta ɗigo ɗaya. Auta ya ga cewa masu rubutun ba su san darajar mara lafiyar ba. Ya matse rabin kwalba a wuyan maɓallin, ya mayar da shi kan sandar, ya danne da babban yatsa, ya riƙe gam da gaske, yana kallon gaba kamar Baba a danja. Abin da ya manta guda ɗaya ne: bai mayar da sandar tsakiya ba. Tana can ƙuryar ja inda filaya ta bar ta. Abin da bai gani ba kuma guda biyu ne: gam ya gangara ta bayan maɓallin ya cika ramin sandar, ragowar kuma ta bi gefe ta shiga gindin maɓallin fanka, wanda shi ma yake tsaye a ƙarshen ƙarfinsa.

Da ya zo ɗaga yatsa, yatsa ya ƙi. Ya ja a hankali, ya ja da ƙarfi. Yatsan ya dawo, amma ba duka ba. Ɗan ɓawon fata ya zauna a goshin marigayin, daidai inda yatsan Baba ya cinye farin layi.

Sannan ya murɗa.

Shiru.

Ya murɗa da hannu biyu. Ya sa ƙyalle. Ya sa filaya har robar ta yi fari. Ya ce masa, "Haba mana," wanda shi ne jawabi mafi tsawo da Auta ya yi a makon. Babu ƙas. Babu ko ƙiii. Ɗan Tsakiya ya cika, fuskarsa na kallon ja, bai bar wasiyya ba.

Auta ya mayar da murfi, ya tokare gefen da haƙoransa suka karye da guntun kwali, ya sa filasta a yatsa, ya shiga gida ya ce ya yanke ne da wuƙa. Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, akwai wuƙa a wurin.

Ba a kai ga sanar da rasuwar ba sai ga Yaya da baƙo, rana tsaka, ranar hutunsa. Dillalin motoci ne, mutum mai jiki, cikin baƙar kwat da laktaye, yana ƙamshin turare, yana kaɗa makullai da yawa a yatsa ɗaya.

"Gani kawai zai yi, Mama," in ji Yaya. "Don mu san inda muke. Ai ban ce sayarwa ba."

Mama ta dubi dillalin, ta dubi filastar Auta. Ta daɗe a kan filastar.

"Bari in ɗauko mayafina," ta ce. "Da ni za a zaga."

Dillali ya zauna gaba. Yaya da Mama a baya. Auta ya yi bismilla a zuci ya murɗa makulli. Fanka ta tashi da ruri, huuu, kamar an buɗe bakin tanda.

"Ƙanena, rage mana wannan," in ji dillali.

"Yana ɗumama inji ne," in ji Auta.

"Injin a ƙirjina yake?"

Ya miƙa hannu da kansa ya kama marigayin. Ya murɗa. Ya gyara zama ya sake murɗawa, zoben hannunsa na ƙara. Ko a mace Ɗan Tsakiya bai ba baƙo fuska ba. Dillali ya koma kan maɓallin fanka, nan ma haka. Ya murɗa na dama, wanda shi kaɗai ya rage da rai, sai wutar ta bar fuskarsa ta koma kan takalmansa. Ya mayar da ita fuska. Ya nemi sauke gilashi, hannun gilashin ya biyo shi.

"Wannan tun da haka yake," in ji Auta. "A ajiye a aljihun ƙofa."

A lokacin an riga an hau babban titi, an kuma shiga cunkoso, mota gaba, mota baya, babbar mota a gefe tana hura nata hayaƙin ta gilashi ɗaya tilo da yake buɗe. Dillali ya cire kwat. Ya sassauta laktaye, ya cire shi, ya goge wuya da shi. Turarensa ya dahu ya zama wani abu dabam. Wayarsa ta yi gargaɗin zafi ta ɗauke.

"Auta!" Yaya ya daka tsawa daga baya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Me ka yi wa motar nan?"

"Tuƙi nake, Yaya."

"Kai, ni za ka raina wa hankali? Kashe ta!"

"A tsakiyar titi? In ta ƙi tashi, Yaya ne zai tura?"

Sai aka ji muryar Mama, a natse, kamar mai magana daga cikin bargo.

"Auta, mayar da ita ƙafa."

Auta ya murɗa na dama. Mama ta zare takalmi, ta miƙe ƙafafu ta ƙarƙashin kujerar dillali, ta lumshe ido.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Tun da aka sayi motar nan, yau ne gwiwoyina suka san suna cikinta."

Dillali bai jira a kai mahaɗa ba. Cunkoso na tsayawa ya buɗe ƙofa ya fice, kwat a hannu, riga manne da baya. Ya sunkuyo ta gilashin Auta.

"Hajiya, a yi haƙuri. Ni motoci nake saya, ba gidan burodi ba. Ko kyauta ce sai na yi shawara da likitana."

Ya tsallaka titi yana tafiya kamar wanda ƙasa ke ƙona.

A ƙofar gida Yaya ya fito yana matse gaban riga. Ya ce magana ta ƙare, gobe a kai ta gareji a gyara, sannan a kira wani dillalin.

"Me na ce ranar nan a falo?" in ji Mama.

"Kin ce ranar da ta shiga gareji za a sayar."

"Ta shiga?"

"Ai shiga za ta yi, Mama, tunda ta lalace."

"Ina ta lalace? Ni da na zauna a ciki ban ga abin da ya lalace ba. Shekara nawa ina daskarewa a bayan ubanku, ba wanda ya ce ta lalace. Yau da ta gyaru kuke neman ku ɓata mini ita? Ba inda za ta."

Yaya ya shige ciki neman ruwan sanyi. Mama ta tsaya sa takalmi. Ba ta dubi Auta ba da ta yi magana.

"Ka ga ƙarfen hangar?"

Auta ya ɗaga kai.

"Hangar rigata ce. Har yau yana tsammanin ban sani ba." Sai ta gyara maganar. "Yana tsammani, a lokacin." Ta kama hannunsa ta juya yatsan mai filasta. "Hannunku ɗaya. Duk abin da kuka taɓa da niyyar gyara, sai dai Allah ya kiyaye. Je ka sha ruwa."

Marigayin ya rasu ya bar 'yan'uwa biyu: maɓallin fanka, wanda ciwon ya shafa, yana nan a sandare yana ruri dare da rana, ana roƙon a sa shi a addu'a, da maɓallin dama, wanda nauyin gida ya koma kansa, ko da yake duk ikonsa bai wuce zaɓar inda za a ƙone ba. Ya bar rediyo mai tasha ɗaya, da hannun gilashi a aljihun ƙofa, da haƙoran roba biyu da har yanzu ake jin kukansu a ciki duk lokacin da aka hau rami. Ya bar esi da rai da lafiya, amma babu mai kiran sunansa. Ya kuma bar mota a ƙofar gida, wadda ba don shi ba da yanzu tana hannun baƙo.

Iyalan suna so su yi amfani da wannan dama su ƙaryata jita-jitar da wani babban wa yake yaɗawa, cewa da gangan aka yi. Ba da gangan aka yi ba. Wanda zai iya shirya irin wannan da gangan, da ya ci jarrabawar lissafi tun zama na farko.

Game da jana'iza: an yi ƙoƙarin ɗaga gawar, ta ƙi ɗaguwa. Saboda haka marigayin zai ci gaba da kwanciya a inda ya yi aiki, tsakanin 'yan'uwansa, ƙarƙashin rediyo, da shaidar yatsu biyu a goshinsa. Za a riƙa karɓar gaisuwa a cikin motar, inji a kunne, duk ranar da za a kai Mama ganin likitan gwiwa, daga ƙofar gida zuwa ƙofar asibiti. Masu zuwa su taho da tawul da ruwan sha, su bar kwat a gida. Kujerar baya ta Mama ce, iska kuma a ƙafa take, ba a canzawa. An keɓe wa Yaya kujerar gaba.

Masu kawo shawarar bakanike, an gode, su riƙe abarsu. Auta zai tuƙa a haka. Ya saba da shiru, zai saba da gumi. Kafin ya kashe mota dai har yanzu yakan ɗora yatsa a wurin, ko da yake babu abin da zai ce ƙas.